Sallama Bashi Ce a Kan Mai Tashi

A cikin watan da ya wuce wata doguwar wasiƙa ta iso mini nan Alelu daga ƙasar Jamus. Mai rubutun wani saurayi ne wanda ya girma cikin ƙaramar ekklesiyarmu ta ƙasar Jega, ni ne kuwa na koya masa a ajin baftisma. Yau shekara 8 ke nan da ya tafi karatu can. Yanzu ya gama, Allah kuma ya buɗe masa ƙofar aiki a Kanada. Ya yarda in kawo tambayarsa a gabanku, sai dai ba zan faɗi sunansa ba. Ga abin da ya rubuta:

"Baba Fasto, a nan ƙasar doka ce in mutum zai tashi ya tafi ofishin gari ya ce a cire sunansa daga littafin mazauna. Amma abokaina sun ce kada in yi haka. Sun ce in mai da sunana gidan ɗayansu, a riƙa gani kamar ina nan, domin in Kanada ba ta karɓe ni ba in sami wurin komowa. Sun ce ba wanda zan cuta, takarda ce kawai. Zuciyata ba ta kwanta ba. Baba, wannan zunubi ne, ko kuwa dabara ce?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Da fari na ɗauka maganar ƙasar Turawa ce, ba ta shafe mu ba. Amma da na ƙara tunani sai na ga ta shafi kowane ɗayanmu, gama mu mutane ne masu tafiya. Ainihin tambayar ita ce: mutum in zai bar wuri, mene ne hakkin wurin nan a kansa?

YADDA DOKAR TA KE

Bari in fara bayyana dokar domin mai karatu ya gane. A Jamus kowane mutum, ko ɗan ƙasa ko baƙo, in ya shiga sabon gida tilas ne ya tafi ofishin gari cikin mako 2 a rubuta sunansa da gidan da ya ke zaune, mai gidan haya kuma ya ba shi takardar shaida. In zai bar ƙasar ɗungum, tilas ne kuma ya sanar cikin mako 2 bayan fitarsa daga gidan, a cire sunansa, a ba shi takarda. Dokar da ta haɗa dukan ƙasar a kan wannan ta fara aiki ran 1 ga Nuwamba, watau farkon watan, a shekarar 2015. Wanda ya ƙi sanarwa ana iya cinsa tara har Yuro 1,000. Wanda kuwa ya ba da aron sunan gidansa domin a rubuta mutumin da ba ya zaune ciki, tararsa tana iya kai Yuro 50,000. Ga yawancin baƙi kuma, takardar iznin zama tana mutuwa in mutum ya wuce wata 6 a wajen ƙasar. Wannan ne abin da abokan yaron nan su ke so su kewaye. Ƙasar Holan ma tana da irin wannan doka: wanda zai yi fiye da wata 8 cikin shekara a waje, sai ya cire sunansa.

Da waɗannan littattafai ne su ke sanin masu zaɓe, da yaran da suka isa shiga makaranta, da wanda za a aika wa takardar biyan kuɗi. Watau littafin gari kamar igiya ce mai baki biyu: baki ɗaya yana jawo wa mutum hakkinsa, ɗayan yana ɗaure shi ga nauyinsa.

MU MA MUN SAN WANNAN LITTAFI

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne. Kakanninmu sun san shi sarai a zamanin haraji. Tun daga dokar kuɗin ƙasa ta Gwamna Lugga ta 1906, har zuwa bayan mulkin kai, kowace shekara a kan yi ƙidayar magidanta da samari. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin En'e ta Gwandu a Birnin Kebbi. Abin da aka rubuta a kan gari, shi za a nema a hannun gari. En'e ta shuɗe da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, a jihohin Kano da Kaduna kuma aka soke haraji da jangali a 1979, amma tsofaffi ba su manta ba.

Kakana ya sha ba mu labarin mutum biyu na unguwarsu waɗanda suka tafi Kumasi a shekara ɗaya. Na farko ya tashi da tsakar dare bayan an gama ƙidaya, bai gaya wa kowa ba. Da lokacin biya ya yi, sunansa yana nan a takarda, shi kuwa ba ya nan. Ƙannensa suka sayar da akuya da damman gero suka biya masa. Shekara ta kewayo, ba wanda ya san ko zai komo, sunan bai fita ba, suka sake biya. Na biyun kuwa ya tafi wurin mai unguwa da rana tsaka, ya biya nasa na wannan shekara, ya ce a share sunansa, ya damƙa gonarsa a hannun wansa a gaban shaidu, ya bi gida gida ana yafe wa juna, aka raka shi har bakin gari. Kakana ya ce har suka tsufa, in an ambaci na biyun a kan ce, "Wane ya tashi." In an ambaci na farkon sai a ce, "Wane ya gudu." Hanya ɗaya suka bi, gari ɗaya suka sauka, amma harshenmu ya ba tafiyarsu suna dabam dabam.

A nan ne amsar farko ta ke ga masu cewa takarda ce kawai. Suna ba ya zama a littafi shi kaɗai. Kullum akwai kaya a ɗaure da shi. In mai sunan ya janye kansa, kayan ba ya ɓacewa, a kan wani ya ke faɗuwa. A zamanin kakana a kan ƙanne ya faɗi. A zancen saurayinmu zai faɗi a kan abokin da ya ba da gidansa, wanda zai sa hannu a takardar ƙarya ya jawo wa kansa tara. Zai faɗi kuma a kan baƙi na gaba, gama duk ran da aka kama ɗan Nijeriya ɗaya da irin wannan, sai a ƙara tsananta wa goma masu gaskiya.

TAFIYA BA LAIFI BA CE

Ban ce tashi laifi ne ba, ko kaɗan. Ƙasarmu ta matafiya ce tun dā. Kasuwar Jega ta yi suna tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja neman goro. Masu ɗorin Aliero sun bazu cikin garuruwa masu yawa, har ƙetaren iyaka, albasar Aliero kuma tana kai masu ita har Ikko. Samarinmu na Maiyama da ƙauyuka suna tafiya cin rani kowace kaka, waɗansu su bi ta Kamba su shiga Gaya ta Nijar. Tsarin mulkin ƙasarmu na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa iko ya zauna inda ya ga dama, ya fita kuma in yana so. Ibrahim ma da umurnin Allah ya bar ƙasarsa da danginsa. Saboda haka ba tafiya mu ke tuhuma ba, yadda a ke tafiya mu ke dubawa.

Al'adarmu ta riga ta koya mana wannan. Baƙo ba ya fita gidan mai masaukinsa sai an sallame shi. Maƙwabtanmu Musulmi in za su tafi aikin hajji, mun ga yadda su ke biyan bashi, su bar wasiyya, su bi 'yan'uwa suna neman gafara. Abin kunya ne a ce mai bin Yesu Kristi ya kasa su a wannan.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

Sai mu duba Yakubu cikin Farawa sura 31. Ya yi shekara 20 yana bauta wa Laban, Laban kuwa ya cuce shi ba sau ɗaya ba. Allah ne da kansa ya ce masa ya koma ƙasarsa. Amma Yakubu ya jira sai da Laban ya tafi sausayar tumaki, sa'an nan ya kwashe iyali ya sulale. A rana ta uku labari ya kai ga Laban, ya bi shi tafiyar kwana 7 har ya cim masa a tuddan Gileyad. Kukan Laban shi ne, an hana shi ko sumbatar 'ya'yansa da jikokinsa. Yakubu ya amsa cewa tsoro ne ya sa shi. Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, cikin ɓoyon nan ne Rahila ta sami zarafin satar gumakan ubanta, mijinta bai sani ba; gama inda aka yi duhu domin abu ɗaya, waɗansu abubuwa su kan shigo su fake. Na biyu, sallamar da ba a yi a gida ba, tilas aka yi ta a kan hanya: suka tara duwatsu, suka yi alkawari, suka ci abinci tare, kana kowa ya kama gabansa. Allah ya umurci tafiyar, amma bai bar Yakubu ya shiga ƙasar alkawari da bashin sallama a wuyansa ba.

Sama'ila kuma, sa'anda zai sauka daga shugabanci, ya tsaya a gaban dukan jama'a ya ce duk wanda ya san ya karɓe masa sa ko jaki, ko ya zalunce shi, ya fito ya faɗa domin ya mayar. Ba wanda ya fito. Wannan yana cikin littafinsa na fari, sura 12. Bulus Manzo ya yi irin wannan a Militus, cikin Ayyukan Manzanni sura 20: ya kira dattawan Afisa, ya ba da lissafin zamansa a cikinsu, ya shaida cewa bai yi kwaɗayin kuɗin kowa ba, ya danƙa garken a hannunsu, suka durƙusa suka yi addu'a da kuka, suka raka shi bakin jirgi. A Filibi kuwa, da mahukunta suka so su sake shi a ɓoye bayan sun yi masa dūka, ya ƙi, sai da suka zo da kansu suka fitar da shi a fili. Mutumin Allah yana son shigarsa da fitarsa su kasance a sarari.

Ga kuma Unisimus, wanda ya gudu daga gidan Filimon, ya sadu da Bulus, ya tuba. Bulus yana bukatarsa ƙwarai, duk da haka ya mai da shi da wasiƙa, har ya ce in akwai bashi a kansa a rubuta a kan Bulus. Sabuwar haihuwa ba ta share tsohon lissafi da ke tsakanin mutum da mutum ba. Ƙarfin komawa a daidaita shi ta bayar.

MASU JAYAYYA SUNA DA MAGANA

Ba daidai ba ne in yi kamar babu abin faɗi a ɗaya gefen. Akwai, yana da nauyi kuma.

Wani zai ce, "Ai garinmu garinmu ne har abada, don me zan share sunana?" Sai mu bambanta asali da mazauni. Asali ba a share shi. Ba a raba hanta da jini. Wanda aka haifa ɗan Jega, ɗan Jega ne ko ya shekara 40 a Kanada. Ƙaramar hukuma tana ba shi takardar shaidar asali, tsarin mulki kuma ya yarda wanda ya ke ɗan Nijeriya ta haihuwa ya karɓi zama ɗan wata ƙasa ba tare da ya rasa tasa ba. Amma littafin mazauna ba ya tambayar inda aka binne cibiyarka. Tambaya ɗaya ya ke yi: ina ka ke kwana? Ga wannan tambaya amsar gaskiya ɗaya ce tak.

Wani zai ce, "Ubangiji Yesu da kansa ya tsauta wa mutumin da ya nemi ya tafi ya yi sallama da mutanen gidansa." Gaskiya ne, yana cikin Luka sura 9. Amma a gwada shi da Elisha cikin Sarakuna na fari sura 19. Elisha ma ya roƙi ya tafi ya yi ban kwana da iyayensa, Iliya bai hana shi ba. Me ya yi da ya koma? Ya yanka shanun nomansa, ya dafa naman da itacen karkiyarsu, ya ciyar da jama'a, ya tashi. Sallamar Elisha ta rufe lissafi ce. Bai bar karkiya a rataye domin ko zai komo ba. Mutumin Luka kuwa hannunsa yana kan garma, idonsa yana baya. To, wane ne cikin su biyu ya yi kama da mai barin sunansa a gidan aboki domin kada ya rasa wurin komowa? Taura biyu ba ta taunuwa.

Wani zai ce, "In na faɗi tafiyata, masu hassada za su ɓata ta." Wannan tsoro ya yi yawa a cikinmu yanzu, har ana jin wanda bai gaya wa mahaifiyarsa ba sai da jirgi ya sauka. Ina yarda cewa a kwanakin nan na masu satar mutane, ba hikima ba ce mutum ya yi shelar ranar tafiyarsa da hanyar da zai bi. Ɓoye rana hankali ne. Amma ɓoye tafiyar ga wanda ya ke binka bashi, ko ga matarka, ko ga iyayenka, ko ga dattawan ekklesiya, wannan wani abu ne dabam. In kuwa tsoron maita da baki ne ya rufe maka baki, sai ka tambayi kanka ko wane ne ka gaskata yana riƙe da hanyarka.

Jayayya mafi ƙarfi ita ce wannan: littattafan hukuma ba kullum su ke a hannun masu adalci ba. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fita, Hausawa da Yarbawa da yawa suka komo da abin da kai ya iya ɗauka kaɗai. A Janairu 1983 mu ma muka yi wa waɗansu haka, gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan 1, da yawansu mutanen Gana. A jiharmu da maƙwabtanta kuma akwai ƙauyukan da suka watse da dare saboda 'yan bindiga. Waɗannan ba na ɗora musu laifi ko kaɗan. Yusufu ya tashi da dare da Yaron da uwarsa zuwa Masar, bai nemi sallamar Hirudus ba. Bulus ma cikin kwando aka zurara shi ta ganuwar Dimashƙu. Wanda takobi ya kora, Allah ba ya binsa bashin sallama. Amma saurayinmu ba korarsa aka yi ba. Ƙasar ta karɓe shi, ta koyar da shi, ta yi masa magani sa'anda ya yi ciwo. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Kada mai tafiya da ƙafarsa ya ari rigar mai gudun rai.

Saura magana ɗaya, ita ce hasara. Ba zan ruɗe shi ba: in ya cire sunansa, mai yiwuwa ne ƙofar nan ta rufe, in kuwa Kanada ta ƙi shi ya sha wuya. Gaskiya tana da tsada wani lokaci, in ba haka ba da kowa ya saya. Amma wurin komowa da aka gina a kan ƙarya rami ne ƙurarre. Kowace wasiƙa da za ta zo gidan abokin nan sai an ƙara wata ƙarya a kan ta farko. Mutum yana iya zama lafiya cikin talauci, amma ba ya zama lafiya yana jiran ranar da za a gane shi.

YATSA YA KOMO KAINA

Ina cikin shirya masa amsa sai na buɗe littafin sunayen ekklesiyarmu. Me zan gani? Sunansa yana nan a layinsa, kamar jiya ya ci jibin Ubangiji tare da mu. Na bi layi layi, na ga waɗansu da suka koma Kaduna, da Abuja, da Zuru, tun shekaru. Kowace shekara kuwa muna aika lissafin membobi ga shugabanninmu, da sunayen nan a ciki. Ashe abin da abokansa su ke ba shi shawara ya yi wa ofishin gari, mu dattawa mun daɗe muna yi wa ekklesiyar Allah.

Don me muka bar su? In na faɗi gaskiya, dalili biyu ne. Mu kaɗan ne a wannan ƙasa, muna jin kunyar a ga lissafinmu ya ragu. Muna kuma sa zuciya ko na nesa za su tuna da mu ran gina majami'a. Na farko girman kai ne, irin wanda ya sa Dawuda ya ƙidaya jama'a har ya jawo musu annoba. Na biyun kwaɗayi ne.

Ga kuma abin da ya jawo. Yaron nan ya tafi ba mu ba shi wasiƙa ba. Da na tambaye shi, ya ce shekarun nan duka yana shiga majami'a ya zauna a baya, a tashi ya fita, ba wanda ya san shi. Mu muna cewa namu ne, amma ba mu kiwonsa. Su can ba su san an ba su shi ba. Tunkiya ta yi shekara 8 a rubuce cikin garke, ba ta da makiyayi. Masu bi na fari ba haka suka yi ba. Sa'anda Afollos zai haye zuwa Akaya, 'yan'uwa na Afisa suka rubuta wa almajiran can su karɓe shi. Bulus kuma ya gabatar da Fibi ga masu bi na Roma, ya roƙa a taimake ta. Cire suna daga wannan littafi a sa shi cikin wancan ba kora ba ce, miƙa amana ce daga hannu zuwa hannu.

Har a sha'anin ƙasa haka ne. A zaɓen 2023 sunaye fiye da miliyan 93 ne cikin rajistar masu zaɓe, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Dalilai suna da yawa, ɗaya daga ciki kuwa shi ne sunayen waɗanda suka tashi suna nan a rumfunan da suka bari. Hukumar zaɓe tana da hanyar da mutum zai mai da rajistarsa inda ya koma cikin ƙasa. Sunan da ba mai shi a kusa jaraba ne ga marar tsoron Allah. Kada mu bar wa ɓarawo ƙofa a buɗe sa'an nan mu yi kukan sata.

SHAWARA GA MAI TASHI DA MASU ZAMA

Ya ɗan'uwa mai shirin tashi, ko zuwa ƙetaren teku ne, ko zuwa Yawuri kaɗai, ka zauna ka rubuta kowane wurin da sunanka ya ke. Ka biya bashinka, in ba ka iya ba ka tafi wurin mai shi ku yanka lokaci a gaban shaida. In kana cikin adashi, kada ka kwashi naka ka ɓace. Gonar da ka karɓa aro ka mayar, wadda ka ba da jingina ka bayyana wa magadanka. Ka sallami mai gidan haya, ka biya kuɗin wuta da ruwa. Ka bar wa matarka da 'ya'yanka abin ci da sanin inda ka ke. Ka nemi albarkar iyaye, ka nemi gafarar wanda kuka ɓata. Abin da dokar ƙasar da ka ke ciki ta ce a sanar, ka sanar. Ka karɓi wasiƙa daga dattawa, ka miƙa ta a ekklesiyar da ka tarar tun makon farko. Can kuma ka nemi lafiyar garin da ka sauka, ka yi masa addu'a, kamar yadda Irmiya ya gargaɗi waɗanda aka kai Babila.

Mu masu zama kuma, kada mu sa sallama ta yi wa mutane wuya. Da yawa suna guduwa ne domin sun san in sun faɗa za a tare su da gunaguni da roƙo. Mu sake su da fara'a, mu ɗora musu albarka. A nan mun riga mun yi shawara da dattawa: mun buɗe sabon shafi a bayan littafin, mun sa masa suna "'Yan'uwanmu na Nesa". Ba mu lissafta su cikin membobi, amma ran Lahadin farko na kowane wata muna karanta sunayensu mu yi musu addu'a. Lissafinmu na bana zai ragu ƙwarai, amma zai zama na gaskiya.

Na amsa wa saurayin nan na ce, "Ɗana, ka tafi ofishin ka cire sunanka, ka gode musu, ka karɓi takardarka. Ka gafarta mana kuma, gama mu ne muka fara yi maka laifi. Ga wasiƙarka zuwa ga ekklesiyar da za ka samu a Kanada, ko da ta makara shekara 8."

'Yan'uwa, dukanmu baƙi ne a duniya, rana tana zuwa kuma da za a share sunan kowannenmu daga kowane littafi na ƙasa, ba sai an nemi yardarmu ba. Littafi ɗaya ne kaɗai wanda ƙaura ba ta taɓa shi, watau littafin rai na Ɗan Rago. Wanda ya tabbata sunansa yana can, ba shi da bukatar ya riƙe wani layi a nan da ƙarya. Allah ya ba mu alheri mu shiga da gaskiya, mu zauna da gaskiya, mu fita da gaskiya, domin a bayanmu a ce mun tashi, kada a ce mun gudu. Amin.